Murfin Tukunya a Gefen Zuciyar Kunama

Filin Tambaya da Amsa kan Kimiyya

Jama'a, barkanmu da damina. Wasiƙu uku na ware a wannan fitowa, ɗaya daga Gombe, ɗaya daga Misau, ɗaya daga nan cikin garin Bauchi. Masu su ba su san juna ba, amma bakin rijiya ɗaya suka zo da gugansu, shi ya sa na haɗa su. Na datse gaishe-gaishen saboda ƙarancin fili, na dai amsa, ina kuma godiya.

Tambaya ta farko, daga wata ɗaliba 'yar aji biyar a Gombe:

"Baba Malam, malaminmu ya ce akwai taurarin da ke kumbura suna motsewa kamar ƙirjin mai barci, kuma ya ce an san sinadaran da ke cikinsu. Da na faɗa wa kakata sai ta yi dariya. Ta ce ai kowane tauraro ƙyaftawa yake yi tun tana yarinya, kuma wa ya je can ya ɗebo? Na rasa amsar da zan ba ta."

'Yata, ki gaishe min da Hajiya Kaka. Ki ce mata tambayarta ta biyu wani babban mutum ya riga ta yi, har ya yanke hukunci. A 1835 wani masanin falsafa ɗan Faransa, Auguste Comte, ya rubuta cewa ɗan Adam zai iya sanin nisan taurari da tafiyarsu, amma abin da aka yi su da shi ba zai taɓa sani ba. Ya mutu a 1857. Shekara biyu bayan an rufe shi aka buɗe ƙofar da ya ce ba ta da mabuɗi.

Mu fara da ƙyaftawar. Wannan ba aikin tauraro ba ne, aikin iskar da ke kanmu ne. Kin taɓa bin hanyar Gombe zuwa Bauchi da tsakar rana a watan Maris, kika hango motar gaba tana rawa a kan kwalta kamar tana cikin ruwa? Motar lafiyarta ƙalau, iska mai zafi ce ke karkatar da haske. Irin wahalar da hasken tauraro ke sha ke nan kafin ya iso idon Kaka. Numfashin da malaminku ya faɗa daban ne. Jikin tauraron ne da kansa ke buɗewa yana tsukewa, kuma ba a ƙiftawar ido ba. Wani awoyi yake ɗauka, wani kwanaki, wani kusan shekara guda.

To, wa ya je ya ɗebo? Babu wanda ya je. Aike ne ke zuwa mana, haske ne ɗan aiken.

In kuna da risho ko gas a gida, ki barbaɗa ɗan gishiri a kan harshen wutar nan mai shuɗi. Nan take zai koma ruwan ɗorawa, kuma ko sau ɗari kika maimaita, ɗorawar nan dai za ki gani. In kin taɓa wucewa ta inda 'yan jari-bola ke ƙona tsohuwar wayar wuta don su fid da jan ƙarfen ciki, za ki ga wutar na yin kore-kore. Kada dai ki tsaya kallo, hayaƙin guba ne. Gishiri na ɗauke da sodiyam, waya na ɗauke da jan ƙarfe, kowannensu in ya ji wuta da irin muryar da yake kuka da ita. A 1859 wasu Jamusawa biyu a garin Heidelberg, Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen, suka ratsa irin wannan haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, wanda ke baje haske kamar bakan gizo. Suka tarar kowane sinadari na da wuraren da yake zana layukansa, ba ya canzawa, ba ya aron na wani. Suka kuma gano cewa in haske mai zafi ya ratsa ta cikin tururin sinadari da bai kai shi zafi ba, tururin zai lashe hasken daidai a waɗannan wurare, ya bar baƙaƙen layuka. Tun 1814 wani mai sana'ar gilashi, Joseph Fraunhofer, ya ƙirga irin waɗannan layuka fiye da 500 a hasken rana, amma bai san wasiƙa ce yake riƙe da ita ba.

Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar ƙauye da ba ta da ɗakin gwaji, da kwalin taliya da tsohon faifan CD nake nuna wa yara wannan. Sai in tsaga siririyar kafa da reza a gefe ɗaya, in jingina faifan a karkace daga ciki, in huda wurin leƙawa a sama. In muka saita shi da tsohon ƙwan lantarki mai zare, sai a ga launuka a jere sumul, daga ja har shuɗi. In muka juya ga dogon farin ƙwan nan na ofishin hedimasta, sai launukan su yanke gunduwa-gunduwa, kore a nan, shuɗi a can, duhu a tsakani. Tururin zaiba ne a ciki, da hodar da aka shafe gilashin da ita, suke sa hannu. Wani yaro ya daɗe yana leƙawa, ya ɗago ya ce, "Malam, ashe ƙwan nan ƙarya yake, ba fari ba ne." Ki gwada, amma kada ki kuskura ki saita shi da ƙwayar rana.

Da wannan dabara aka ga hiliyam, wata iska mara nauyi, a rana tun kafin a same shi a doron ƙasa. A 1868 aka hango wani layi mai ruwan ɗorawa da bai dace da kowane sanannen sinadari ba, Norman Lockyer na Ingila ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci ta rana, sai a 1895 aka tono shi daga cikin wani dutse. Wadda kuma ta fara karanta yawan sinadaran daidai, mace ce, shi ya sa nake so ki riƙe sunanta: Cecilia Payne, 'yar Ingila, tana da shekara 25 a Harvard ta Amurka a 1925. Lissafinta ya nuna taurari kusan duk haidurojin ne da hiliyam. Manyan lokacin sun ɗauka tauraro kamar ƙasa yake, dutse da ƙarfe. Babban cikinsu, Henry Norris Russell, ya nuna mata abin ba zai yiwu ba, har ta sassauta maganarta a rubuce. A 1929 shi da kansa ya bi wata hanya ya faɗo inda ta tsaya.

Ga abin da ke jikin ranarmu in aka auna da nauyi: haidurojin kusan kashi 74 cikin 100, hiliyam kusan 25, duk sauran, da oksijin da kabon da naiturojin da ƙarfe, ba su kai kashi 2 ba. Masanan taurari kuwa saboda gajen haƙuri duk wannan ragowar "ƙarafa" suke ce mata, har da iskar da muke shaƙa. Malamin kemistiri in ya ji sai ya dafe kai.

Saura numfashin. Ki tuna tukunyar wake a kan wuta da murfinta a rufe. Tururi ya taru, ya ɗaga murfi, ya fice, murfi ya faɗo, tururi ya sake taruwa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba wanda ya taɓa shi. Arthur Eddington ne ya kawo shawarar cewa a jikin irin waɗannan taurari akwai abin da ke aikin murfi, sai a 1953 wani Barashe, Sergei Zhevakin, ya nuna ko mene ne: hiliyam. A ƙarƙashin fatar tauraron akwai wani shimfiɗi mai zafin wajen digiri 40,000. In tauraro ya tsuke, wurin ya ƙara zafi, ƙwayar zarrar hiliyam ta saki na biyun ilektiron ɗinta, wato 'yan ƙwayoyin da ke kewaye ta, sai ta zama kamar hazo, haske ba ya ratsa ta. Zafin da ke tasowa daga ciki ya rasa hanya, ya tura saman tauraron waje. Da ya buɗe sai ya huce, hiliyam ya karɓi abinsa, hazo ya washe, zafi ya fice, nauyi ya janyo komai ya dawo. Sai a sake.

Akwai wanda Kaka za ta iya gani da idonta. Sunansa Delta Cephei. Wani saurayi kurma ɗan shekara 20 a Ingila, John Goodricke, shi ya gano sauyawarsa a 1784. Duk kwana 5 da kusan awa 9 yake cika zagaye, kuma haskensa kan ninka fiye da sau biyu tsakanin dushewa da ƙoshi. Bayan ɗaukewar ruwa, cikin Oktoba da Nuwamba kafin hazo ya sauko, yana nan ta arewa bayan sallar isha. Ki sa manhajar taurari ta waya ta nuna miki shi, ku riƙa gwada shi da maƙwabtansa biyu kullum dare har mako biyu. Daga nan sai ki bar Kaka ta yanke hukunci da kanta.

Tambaya ta biyu, daga wani malamin zaure a Misau:

"Tun muna almajirai aka karantar da mu manzilolin wata 28, kuma har yau da su nake ba manoma lissafin damina. A cikin Aƙrabu muna da Iklili da Ƙalbu da Shaula. Ɗana da ke jami'a ya ce wasu daga cikin taurarin nan 'yan uwan juna ne, uwa ɗaya. Shin tare suke da gaske, ko ido ne ke haɗa su? In 'yan uwa ne, da me aka tabbatar da nasabar?"

Allah gafarta Malam. Wannan wasiƙa ta faranta min rai, domin Malam ya ɗora yatsa a kan wurin da ya fi kowane dacewa a sararin sama. Yawancin surorin da muke gani ido ne ke haɗa su, kamar mutum ya tsaya a Yelwa ya ga fitilar maƙwabcinsa da wata wuta a kan dutse can nesa sun jeru. Amma kan Kunama, wato Aƙrabu, daban ne. Taurari ukun nan na Iklili, da Ƙalbu, jan nan da Turawa ke kira Antares, da ƙananan biyun da suka sa shi a tsakiya, duk zuri'a ɗaya ce. In kuwa Malam ya gangaro daga nan zuwa tauraro mai haske na gaba a gadon bayan Kunamar, wanda ake kira Epsilon, wannan baƙo ne. Tazararsa da mu tafiyar haske ce ta shekara 64 kawai, alhali tazarar dangin can ta haura shekara 400. Gaba ya shigo a hoto, ba ɗan gidan ba ne.

Masanin da ya fara bayyana irin wannan zuri'a shi ne Viktor Ambartsumian na Armeniya, a 1947. Ni ayari nake kiranta. Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya, gungu ce a dunƙule, nauyinsu na riƙe da juna. Ayari kuwa a warwatse yake, taurarin sun fito daga gajimare ɗaya na iska da ƙura, suna tafiya fuska ɗaya, amma babu igiyar da ta ɗaure su, kamar jama'a in an sallame daga filin idi. Nan da 'yan miliyoyin shekaru kowa ya kama gabansa. Hujjar Ambartsumian ke nan: tunda har yanzu muna ganinsu kusa da juna, to ba su daɗe da fitowa ba, ke nan har gobe ana haihuwar taurari. Ayarin da kan Kunama ke ciki shi ne mafi kusa da mu cikin masu manyan taurari, kuma ya miƙa kudu har zuwa taurarin nan huɗu masu kama da gicciye da ake hangowa ƙasa-ƙasa da bazara. Reshen da ke kan Kunama, ƙiyasin shekarunsa ya kama daga miliyan 5 zuwa 11. Rana tana da biliyan 4.6. Ko arba'in ba a yi musu ba a gabanta.

Nasaba ana tabbatar da ita da shaidu. Na farko tafiya: kumbon Hipparcos da Turai ta harba a 1989, da na Gaia a 2013, sun auna nisan taurari da inda kowanne ya dosa. Na biyu shekaru. Na uku, wanda ya fi jan hankalina, sinadarai.

Akwai mai masa a bakin layinmu da nake saye a wurinta tun 'ya'yana na ƙanana. Ƙullu ɗaya take kwaɓawa a roba, ta riƙa zubawa a tanda da ludayi. Wata ta fito ƙatuwa, wata 'yar mitsila, wata ta yi ja, wata fara. Amma in ka ɗanɗana ɗaya, ka san gishirin sauran da tsaminsu. In kuwa ka ci karo da wadda ɗanɗanonta ya bambanta, ba ƙullu za ka tuhuma ba, wani abu ne ya same ta a kan tanda. Duk amfanin ayari ga masu bincike ke nan. Tunda ƙullun ɗaya ne, shekarun ma kusan ɗaya, duk bambancin da aka gani tsakanin tauraro da ɗan uwansa labari ne na abin da ya faru bayan haihuwa.

Sai dai dole a san wanda za a ɗanɗana. Tsakanin 1911 da 1913 Ejnar Hertzsprung ɗan Denmak da Russell ɗin nan da na ambata a sama, kowa da nasa, suka jera taurari a takarda gwargwadon zafinsu da haskensu. Kusan 9 cikin 10 suka faɗa layi guda. Babban sahu nake ce masa. Duk wanda ke cikin sahun nan yana kan aikinsa na farko ne, yana haɗe haidurojin ya zama hiliyam a can tsakiyarsa. Rana na ciki, kuma za ta yi kimanin shekara biliyan 10 a nan. Mai nauyin rana goma kuwa almubazzari ne, shekara miliyan 20 da 'yan kai ya cinye guzurinsa. Ƙalbu ya riga ya fita daga sahu. Ya kumbura, fatarsa ta huce ƙasa da digiri 4,000, shi ya sa ya yi ja, kuma cikinsa ya tuƙe ya taso da abin ƙasa sama. Masarsa ta ƙone, ba a gane ƙullu da ita. Shuɗayen da ke cikin sahu har yanzu, su ne fatarsu ke riƙe da ɗanɗanon gajimaren da ya haife su.

Da aka ɗanɗana me aka samu? A shekarun 1990 an auna taurarin ayarin Jauza'u, mai taurari ukun nan a jere da muke gani lokacin sanyi, aka ga kamar ƙannen sun fi yayyen oksijin. Bayanin da aka bayar mai daɗin ji ne: yayye sun fashe, sun watsa oksijin a gajimare, ƙanne suka tashi da shi. A 2010 aka sake awon da na'urori da lissafi mafi kyau, bambancin ya kusa ɓacewa. Mafi yawansa kuskuren awo ne, musamman wajen ƙiyasta zafin kowane tauraro, domin in ka kuskure zafi ka kuskure komai. A 2012 María Fernanda Nieva da Norbert Przybilla suka auna shuɗayen taurari 29 da ke kewayenmu, ciki har da na ayarin Kunama da na Jauza'u, suka tarar sinadaransu kusan ɗaya ne, kuma dab da na rana. Wannan na biyun abin a tsaya ne. Rana ta girme su da shekara biliyan 4.6, kuma cikin wannan zamani taurari da yawa sun mutu sun ƙara wa gajimare kayan haɗi, ya kamata a ce yaran sun fi ta kayan haɗin. Ɗaya daga cikin bayanan da aka kawo shi ne an haifi rana ne can ciki, kusa da tsakiyar babban garken taurarinmu, wato tarin taurarin da rana ke cikinsa, inda sinadarai suka fi kauri, daga baya ta yi ƙaura ta fito nan. In haka ne, ita ma 'yar ci-rani ce.

Yanzu ina roƙon Malam ya fita tsakar gida a daren da gari ya washe bayan ruwa, ya fuskanci kudu, ya dubi ƙananan biyun da ke gefen Ƙalbu. Larabawa sun kira su Anniyaɗ, jijiyoyin da zuciya ke rataye da su. Na ɓangaren Iklili shi ne Sigma, na ɓangaren wutsiya Tau. Ni a kan rufin ɗakina nake kallonsu in an ɗauke wuta, kuma a wannan fanni kaɗai nake gode wa masu ɗaukewar. A ido tagwaye ne, haskensu kusan ɗaya, dukansu farare masu ratsin shuɗi, zafin fatarsu ya haura digiri 25,000. Amma Sigma numfashi yake yi, kusan duk awa 6 ya buɗe ya rufe. Sauyin haskensa kaɗan ne, ido ba ya kamawa, sai na'ura. Tau kuwa ba a lissafa shi cikin masu irin wannan numfashi. Shaula ta bakin wutsiya ita ma tana yi.

Ga inda gizo ke saƙar. Murfin hiliyam da na bayyana wa 'yarmu ta Gombe ba ya aiki a nan. Waɗannan taurari sun yi zafin da shimfiɗin hiliyam ɗin ya taso can saman fata inda babu nauyi, kamar a rufe tukunya da ganyen takarda. Tun 1902 aka lura da motsin uban wannan jinsi, Beta Cephei, amma aka shekara kusan 90 ana lissafi, kwamfuta na cewa bai kamata su yi numfashi ba, su kuwa suna ta yi. A 1982 wani masani a Amurka, Norman Simon, ya yi kira da a sake duba yadda sinadarai masu nauyi ke tare haske, yana zargin an raina su. Aka sake lissafin a cibiyar Livermore ta Amurka da kuma wani rukunin masana ƙarƙashin Michael Seaton na Landan. Zuwa 1992 amsa ta fito. A zurfin da zafi ya kai wajen digiri 200,000, ƙwayar zarrar ƙarfe na da layuka masu ɗimbin yawa da tsohon lissafi bai ƙirga ba, kuma su ne ke tare hanya. Ƙarfe ne murfin.

Malam ya dubi ƙanƙantar abin. A rana, in aka jera ƙwayoyin haidurojin 100,000, na ƙarfe kusan 3 ne kawai a tsakaninsu, kuma haka yake a waɗannan taurari. Ko kanwar da ake jefawa a miyar kuka ta fi wannan yawa nesa ba kusa ba. Amma ita ke ɗaga tauraron da ya ninka rana nauyi fiye da sau goma ta sauke shi sau huɗu a yini. Akwai kuma shaida daga waje. A ƙaramin garken taurarin Magellan, maƙwabcinmu na kudu, inda ƙarfe bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na namu ba, irin waɗannan masu numfashi sun yi ƙaranci ƙwarai.

To in ƙullu ɗaya ne, me ya sa wani ke numfashi ɗan uwansa ba ya yi? Domin murfi kaɗai ba ya ƙara. Sai girman tukunya da ƙarfin wuta sun dace. Shimfiɗin ƙarfen sai ya faɗo a daidai zurfin da ya kamata, kuma nauyin tauraro da zafinsa da inda ya kai a rayuwarsa su ke yanke wannan. Da aka auna masu numfashi 9 a 2006, ƙarƙashin Thierry Morel, an tarar sinadaransu ba su bambanta da na 'yan uwansu masu zaman lafiya ba, in ban da abu ɗaya: 4 daga ciki naiturojin ya yi musu yawa. Asalin naiturojin ɗin sananne ne. Manyan taurari na amfani da kabon da naiturojin da oksijin a matsayin 'yan aike wajen haɗe haidurojin, kuma a wannan hidima kabon na raguwa, naiturojin na taruwa, amma a can tsakiya. Kafin ya fito fata sai an tuƙa. Muciyar da aka sani ita ce juyawa da sauri, ga shi kuwa waɗannan huɗun a hankali suke juyawa. Tau ma haka, naiturojinsa ya yi yawa, yana ɗaukar kwana 41 kafin ya juya sau ɗaya, kuma a 2006 aka gano yana da ƙarfin maganaɗisu. Wasu masana na ganin taurari biyu ne suka haɗe suka zama shi. Ni dai duk sanda na dube shi, masar nan nake tunawa da ta fito daga tanda da ɗanɗanon da ba na gidan ba.

Ɗan Malam ya faɗi gaskiya. A gaishe shi, a kuma ce masa ya zauna ya koyi manzilolin nan tun Malam na da ƙarfin nuna masa su da sanda. Na ga masu digiri da ba su iya nuna Ƙalbu a sama.

Tambaya ta uku, daga wani mai walda a cikin garin Bauchi:

"Malam, na ji ana cewa akwai ƙarfe a taurari. Irin wanda nake yankawa ne, ko suna ne kawai?"

Ƙanena, shi ne dai, babu ko tantama. Layukan da ƙarfenka ke bayarwa in ka ɗora masa wutar walda su ne ake gani a hasken rana, wuri ɗaya, jeri ɗaya. Bambancin kawai, a can ba sanda ba ne, ba falle ba ne. Ƙarfe na narkewa a digiri 1,538, yana tafasa ya zama tururi kafin 3,000, fatar rana kuwa wajen 5,500 take. Ke nan a can hayaƙi ne.

Kai ma kana karanta zafi da launi kullum ba tare da ma'auni ba. Ka san ƙarfe in ya yi ja bai kai ba, in ya yi ɗorawa ya matso, in ya yi fari a yi hattara. Haka Ƙalbu ja, rana ɗorawa-ɗorawa, Sigma da Tau farare masu shuɗi. Rodin da ke jingine a shagonka kuwa, ƙarfensa ba a nan duniya aka ƙera shi ba. A cikin taurarin da suka fashe tun kafin a yi rana aka dafa shi, ya shiga ƙullun da aka yi ƙasa da shi. Ƙalbu ma hanyar da ya ɗauka ke nan, wata rana zai tara ƙarfe a cikinsa ya fashe.

Abu ɗaya zan roƙe ka. Na sha wucewa ta layin masu walda in ga yara na aiki da baƙin tabarau na kasuwa, wasu ma ido tsirara. Hasken waldar nan na ɗauke da irin hasken da ke bayan shuɗi wanda ido ba ya gani, irin wanda Sigma da Tau suka fi fitarwa, kuma shi ne ke sa yaranka kwana suna hawaye kamar an zuba musu yashi. Ka saya musu garkuwar fuska ta gaske.

Mai tambaya daga Kaltungo kan dalilin da ya sa wata ke yin ja lokacin husufi, wasiƙarka ta iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.